Askar Yuro 850 da Zabirar da Ke Wajen Baffa

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan wanzami ne, amma ban gaji sana'ar ba. Mahaifina ya yi wanzanci sama da shekara arba'in a garinmu kusa da Ɗambatta, ni kuwa boko ya ɗauke ni, yanzu ina aiki a Kano. Allah ya yi masa rasuwa bara waccan. Tun daga lokacin nake jin sha'awar in riƙa gyara fuskata da aska irin ta da, ba reza ba, ba kilifa ba. Garin bincike a intanet na ci karo da wata aska ƙirar Solingen ta Jamus. Guda ɗari kacal aka yi, kowacce da lambarta. Jikinta da zanen ruwan zinare, mariƙinta na ƙaho, tana zuwa cikin akwatin katako da takardar shaida. Kuɗinta Yuro 850, wanda a canjin yanzu ya haura naira miliyan ɗaya. Akwai abokina da ke karatu a can, ya ce zai taho mini da ita in zai zo Sallah, ya kuma ce irin waɗannan asaken daraja suke ƙarawa, ko na gaji da ita zan sayar da riba. Kuɗin nawa ne, ba bashi zan ci ba, sai dai mun riga mun yi magana da maiɗakina cewa da su za mu sa sola a gida. Da na nuna mata hoton na faɗi kuɗin, shiru ta yi, can ta ce, "Aska ce fa, Abban yara." Malam, shin ta cancanci kuɗinta? Ta fi sauran asake aski? Kuma laifi ne in saya in ce mata dubu ɗari biyu ce, don a zauna lafiya? Ban taɓa yi wa kaina aski da aska ba. Zabirar Baba tana gida wajen Baffana. Na gode.

Ɗan wanzami, daga Kano

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Ba zan ja ka da nisa ba: kada ka sayi askar nan yanzu. Ban ce ba ta da kyau ba, ban kuma ce sha'awarka shirme ce ba. Ni kaina da aska nake gyaran fuska yau shekara tara. Na san abin da mutum yake ji in ya buɗe ta da safe, ya ji nauyinta a yatsunsa, ya ji 'yar ƙarar nan da take yi in tana cin gashi a kumatu. Don na san wannan daɗin ne ma nake jin tsoron kada ka shiga ta ƙofar da za ta sa ka tsani abin tun ba ka ɗanɗana shi ba.

Ka tambaya ko ta fi sauran asake aski. Aski a bakin aska yake, bakin nan kuwa wani siririn layi ne da ido ba ya iya ganin kaurinsa. Abin da ke sa layin ya yi kyau shi ne irin ƙarfen, da yadda aka gasa shi a wuta aka tsoma shi har ya yi taurin da ake so, da yadda aka rarake gefunan askar biyu har bakin ya koma kamar takarda, sannan hannun wanda ya wasa ta a ƙarshe. Tsofaffin kamfanonin da suka rage a sana'ar, irin su Böker da ke Solingen tun 1869, da Dovo da aka kafa a garin a 1906, da Thiers-Issard na garin Thiers a Faransa da ya faro a 1884, duk suna da asake marasa ado waɗanda ake samu wajen Yuro 100 zuwa 200. Mariƙinsu roba ce ko katako mai sauƙi, babu zinare, babu akwati. Amma in bakinsu ya sha dutse a hannun wanda ya iya, fatar fuskarka ba za ta bambance shi da na askar Yuro 850 ba. Sau da yawa ma ƙarfen ɗaya ne, wutar ɗaya ce, ma'aikatan su ne dai. Sai aiki ya zo ƙarshe ake ware wasu a kai wajen masu zane, a sa musu mariƙi mai tsada, a buga musu lamba. Ko ka ga an rubuta maka ƙarfen Dimashƙu, mai zane kamar igiyar ruwa, ka sani a yau ana nufin faranti-farantin ƙarfe iri biyu ne aka haɗa aka yi ta ninkewa ana duka. Yana da kyan gani ƙwarai, amma gemu bai san da shi ba.

To ina sauran Yuro ɗari shida da wani abu suka tafi? Sun tafi ga zinaren, da ƙahon, da akwatin, da awannin da wani gwani ya ɓata yana zane, da kuma wannan kalmar ta "ɗari kacal". Ba na son in zalunci masu ƙera ta. Aikin hannu ne na gaske. Rarake aska tsakanin duwatsu biyu masu juyawa abu ne da ake shekaru ana koyo, kuma waɗanda suka iya shi a duniya yau ba su da yawa. Dalilin ƙarancinsu sananne ne. Har farkon ƙarni na ashirin, aska ce abin askin galibin maza a Turai da Amurka, garin Sheffield na Ingila da Solingen suna aika ta ko'ina. Sai King Camp Gillette ya samu rajistar rezarsa mai bakin da ake cirewa a yar a 1904, sannan a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba wa sojojin Amurka ita cikin kayansu, suka koma gida da sabon sabo. Daga nan kasuwar aska ta yi ta tsukewa, masana'antu suka yi ta rufewa. Waɗanda suka tsira suna sayar wa mutum iri biyu ne: mai aski, da mai tara kayan sha'awa. Askar da ka gani ta mutum na biyu ce. An yi ta ne don wanda yake da asake ashirin a cikin gilashi, yana son ta ashirin da ɗaya. Kai kuwa, bisa ga wasiƙarka, aski kake so ka yi.

A nan ne matsalar da abokinka bai gaya maka ba take. Aska ba a wasa ta kamar wuƙar kicin, a ɗaga bayanta a ƙiyasta da ido. Kwantar da ita ake yi a kan dutse, baki da baya duk suna taɓawa, domin kaurin bayan shi ne yake daidaita kusurwar bakin. Wato duk sanda ta hau dutse, bayanta ma yana cinyewa. Wani farin layi zai fito a wurin, in akwai zinare ko zane a gadon bayan, nan zai fara gogewa. Wasu suna manna salatif don kare shi, yana taimakawa, amma ba ya hana alamar amfani fita gaba ɗaya. Kuma kada ka ɗauka za ka iya kauce wa dutse: sababbin asake da yawa ba sa fitowa daga masana'anta da kaifin da zai yi aski mai laushi, sai an ƙara wasa su, daga baya kuma duk 'yan watanni sai sun koma. Mai tara kaya kuwa abin da yake biya shi ne askar da ba ta taɓa ganin dutse ko ruwa ba, da akwatinta da takardarta. Ka ga ke nan zaɓi biyu ne a gabanka. Ko ka yi aski da ita darajar da aka yi maka alkawari ta zube, ko ka ajiye ta a akwati ka ci gaba da zuwa shagon aski da miliyanka a kulle cikin durowa.

Maganar riba ma, ka zauna ka tambayi kanka wa zai saya. A Kano ba ka da kasuwarta. Ka kai ta Kurmi ko Sabon Gari, za a yaba kyanta, a taya ta kuɗin aska. Masu saye suna Turai da Amurka, sai ka nemo su, ka aika, ka biya kuɗin aikawa, su kuma su yarda da mutumin da ba su sani ba. Sannan "ɗari kacal" na nufin ɗari na wannan zanen. Baɗi kamfanin zai iya fito da wasu ɗarin da wani zane, don cikar shekaru kaza ko tunawa da wani abu, haka kasuwar take tafiya. Asaken da ake rububi da gaske su ne waɗanda zamani ya ƙarar, irin tsofaffin ƙirar Wade & Butcher na Sheffield na ƙarni na sha tara, kuma ko su da yawa ana samunsu ƙasa da kuɗin wannan taka. Yana iya yiwuwa wata aska ta yi tsada bayan shekaru, amma wannan ba abin da magidanci zai jingina kuɗin gidansa a kai ba ne. In jari kake nema, ka fi ni sanin inda ake sa miliyan a Kano ta haihu.

Sai yanayinmu, wanda masu tallar ba su yi lissafi da shi ba. Galibin asake masu kyau da ƙarfe mai yawan sinadarin kabon ake yinsu, don ya fi karɓar kaifi, amma yana tsatsa da wuri. Ka bar ɗigon ruwa ɗaya tsakanin aska da mariƙi cikin watan Agusta, washegari za ka tarar da jan tabo. A aska marar ado, sai ka sa ɗan man goge ƙarfe ka murza, magana ta ƙare. A mai ruwan zinare kuwa, man da zai cire tsatsar shi ne zai tafi da zinaren, domin ruwan zinaren bai kai kaurin fatar albasa ba. Hunturu kuma in ya kama, ƙaho da katako sukan bushe su ɗan karkace, in mariƙi ya karkace sai bakin askar ya riƙa dukansa wajen rufewa. Duk waɗannan ana iya kiyaye su da tsane aska sosai, da ɗan shafa mata mai, da ajiye ta nesa da banɗaki. Amma hali ne da ake koya a hankali, kuma kowa da kuskure yake koyonsa.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne inda ka ce ba ka taɓa yi wa kanka aski da aska ba. Bari in gaya maka yadda tawa ta farko ta kasance. A mako na uku da sayenta, ina ɗauraye kumfa, hannuna da santsin sabulu, bakinta ya taɓa kan famfo. Ba duka ba ne, taɓawa ce kawai, ƙarar ma da ƙyar na ji ta. Da na ɗaga ta a hasken taga, sai ga ɗan giɓi kamar ƙwayar gero ta gutsure. Ranar ban iya karyawa ba don ɓacin rai. Sai da aka ci ƙarfe mai yawa a dutse kafin bakin ya dawo daidai, har yau ta fi yadda aka ƙera ta siranta. Wannan askar mai sauƙin kuɗi ce, shi ya sa na iya haƙura na ci gaba da koyo. Da ta miliyan ce, na tabbata da na mayar da ita akwati ban sake buɗewa ba. Kowane sabon hannu yana yin irin wannan. Zai ja ta a fatar washi ya juya ta kan baki maimakon kan baya, ya yanke fatar ya kuma lanƙwasa bakin. Zai danna ta a fuska maimakon ya bar nauyinta ya yi aiki. Zai ɗaga bayanta da yawa ya kankare fata, alhali tazarar da ake so tsakanin bayan aska da kumatu ba ta wuce kaurin bayan sau ɗaya ko biyu ba. Watanni ake yi kafin hannu ya zauna. Mai koyon tuƙi ba da sabuwar mota yake fara shiga kwararo ba.

Akwai kuma abin da ya shafi fatarmu. Gashinmu mai murɗewa ne, in aka aske shi ƙwal har ƙasan fata, wajen tsirowa yakan lanƙwaso ya soki fatar, shi ne ƙurajen askin nan da ke damun maza da yawa a wuya da ƙarƙashin haɓa. Wasu suna samun sauƙi da aska, don baki ɗaya ne ke wucewa sau ɗaya, in an bi yadda gashin ya kwanta ba a yi masa gaba da gaba ba. Wasu kuma ko da me suka aske ƙwal sai ƙurajen sun fito, dole su tsaya a kilifa. Ba ka san ɓangaren da kake ba tukuna. Da Yuro ɗari da ɗoriya za ka iya ganewa.

In ma ka ƙi jin tawa ka ce sai ka saya, to aƙalla ka san askar ba ita kaɗai take tafiya ba. Kana buƙatar fatar washi, wadda za ka ja ta a kai kafin kowane aski, da dutse mai laushi sosai, irin na Japan mai lambar laushi 8000 zuwa 12000 ko kuma rawayan dutsen nan na Beljiyam, domin dutsen da ake wasa wuƙa da adda zai lalata ta ne. Ga burushi da sabulun aski da alif na tsayar da jini. Abokinka ya saya daga kamfanin ko dilansa da aka sani, don sunan Solingen yana cikin waɗanda aka fi bugawa a kayan jabu, har Jamus ta yi masa dokar kariya tun 1938. Ya sa ta a babbar jakar da ake aunawa, ba a yarda da aska a jakar hannu cikin jirgi ba. Kuma duk askar da aka ce maka mariƙinta hauren giwa ne, ka bar ta inda ka gan ta, cinikinsa tsakanin ƙasashe haramtacce ne tun matakin da aka ɗauka a 1989.

Yanzu maganar maiɗakinka, wadda a wurina ta fi ta askar nauyi. E, laifi ne. Kada ka ce mata dubu ɗari biyu ce. Ta riga ta ga hoton, ta ji kuɗin daga bakinka. Ranar da akwatin ya shigo gida za ta gane shi, in ma ta yi shiru, shirun ba na yarda ba ne. Kuma ka lura da abin da ta ce. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ce ba ka isa da kuɗinka ba, ba ta kai ƙararka wajen kowa ba. "Aska ce fa, Abban yara." Wannan magana ce ta mace mai ganin girman mijinta, tana tuna masa a hankali. Wadda ta yi maka haka ba ta cancanci a saka mata da ƙarya ba. Kuɗin naka ne, gaskiya ne, amma ka riga ka yi magana a kansu. Ta riga ta fara lissafin daren da fanka za ta kwana tana juyawa a kan yara cikin zafin Afrilu, da firjin da zai daina lalata mata miya. In ka canza shawara, hakkinta ne ta ji daga gare ka yadda abin yake. Kuma ka yi tunanin kanka: abin da ka saya don ka riƙa tuna mahaifinka kowace safiya, kana so ya zama abin da kake ɓoye kuɗinsa a cikin gidanka? Duk sanda ka buɗe akwatin, ƙaryar ce za ta fara gaishe ka kafin tunanin Baba.

Ina zaton ma ba ka gaya mata ainihin dalilin ba. Ka nuna mata hoto da farashi, ita kuma ta amsa maka a kan hoto da farashi. Ka zauna da ita bayan yara sun yi barci ka ce mata kewar Baba ce take damunka, kana son wani abu a hannunka da zai haɗa ka da shi. Za ka yi mamakin yadda maganar za ta sauya.

Domin ni abin da na karanta a wasiƙarka ke nan. Ka fara da Baba, ka rufe da zabirarsa, askar Jamus a tsakiya kawai ta shigo. Mu da muka tashi a gidajen da wanzami ke zuwa, mun san abin da kake kewa. Na tuna wanzamin gidanmu ranar Juma'a da hantsi, ya yi sallama a zaure, ya sauke zabira daga kafaɗa ya shimfiɗa ta a gefen tabarma. Mahaifinmu ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ba kumfa, ba burushi, ruwa ne kawai a ɗan kwano, ya tsoma yatsu ya murza kan har gashin ya yi laushi. Ya zaro aska, ya ja ta a 'yar fatarsa da ta yi baƙi don tsufa, ya ƙarasa a tafin hannu, ya ɗame fatar kai da babban yatsa, sai ka ga gashi yana taruwa a bakin askar yana sharewa a bayan hannunsa, hira kuwa ba ta tsaya ba. Shi ne ya yi mana askin suna ranar bakwai, shi ne ya yi mana kaciya, shi ake kira in jiki ya yi nauyi a yi ƙaho. Askar da ke hannunsa ba ta kai kuɗin kaza ba. Abin da ya sa kan mahaifinmu yake fitowa sumul babu ko ƙwarzane, shekarun da ke cikin yatsun mutumin nan ne. Irin wannan hannun mahaifinka yake da shi, shekara arba'in. Ba a sayar da shi a Solingen, amma akwai sauransa a gidanku, wajen Baffa.

Don haka ga abin da zan yi in ni ne kai. Wannan Asabar ɗin zan kama hanyar Ɗambatta, da goro da ɗan abin hasafi. Zan gaida Baffa, in zauna, in ci abin da aka kawo, sai hira ta yi nisa sannan in kawo maganar zabira. Kada ka je da sigar mai karɓar gado, domin wataƙila yana aiki da ita, wataƙila ita ce abin da yake kallo ya tuna ɗan'uwansa. Ka ce masa, "Baffa, so nake a nuna mini yadda Baba yake riƙe aska." Ka roƙi guda ɗaya daga cikin asaken aski, ko da wadda ta fi cinyewa ce. Cinyewar nan hannun Baba ne ya yi ta, dutse bayan dutse. In Baffa wanzami ne, ka samu malamin da mutanen Turai masu wannan sha'awa suke nema a bidiyo ba su samu ba. In ba shi ba ne, zai san abokan sana'ar Baba, ko ya haɗa ka da Sarkin Askar yankin. Ba na jin akwai wanzamin da ɗan abokinsa zai zo ya ce a koya masa riƙon aska ya ƙi. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma yana son a tambaye shi sana'arsa.

In ka samu askar, ka kula da lafiya. Ta taɓa jinin mutane da yawa. Ka cire tsatsar, a wasa ta sabon washi, ka wanke ta da sabulu ka goge da sifirit, daga nan ta zama taka kai kaɗai, ko ɗanka kada ya yi aski da ita. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana bakwai ko fiye a busasshen jini tana da rai, shi ya sa masu shagon aski na ƙwarai suka koma wa mariƙin da ake sa wa sabuwar reza ga kowane mutum. In kuma ka ga ta tsufa da yawa ba za ta yi aikin kullum ba, ka shafa mata mai ka naɗe a ƙyalle ka ajiye. Wannan ita ce askar da babu irinta ko guda a duniya.

Don askin yau da gobe kuwa, ka ce wa abokinka ya taho maka da marar ado daga ɗaya daga cikin kamfanonin da na ambata. Ya nemi mai faɗin 5/8 na inci, mai zagayayyen kai ba mai tsini ba, don tsinin ne ke yankar sabon hannu a gefen kunne da ƙasan hanci. Ya tambayi mai shagon ko an wasa ta ta isa aski, in ba a yi ba a yi kafin ya karɓa. Ya haɗo da fatar washi mai sauƙin kuɗi, don za ka yanke ta farko, da dutse ɗaya mai laushi. Duka-duka ba za su kai rabin kuɗin waccan ba, ragowar kuma su tafi inda kuka yi alkawari, ko da ƙaramar sola ce za a fara da ita a ƙara daga baya. Ka fara da kumatu kawai, ka bar wuya da haɓa sai hannunka ya saba. Kada ka yi aski kana sauri, kada ka yi yara suna guje-guje a bayanka.

Ban rufe maka ƙofar mai zinaren har abada ba. Son abu mai kyau ba aibi ba ne, mutanenmu suna sayen babbar riga 'yar Dikwa ko sirdin doki na azurfa ba don sun fi rufe jiki ko daɗin zama ba, kuma ba wanda ya ce sun yi hauka in dai gidansu a ƙoshe yake. Bayan shekara ɗaya, in har kana aski da aska ba ka gaji ba, ka iya wasa ta da kanka, sola tana kan rufi, kuɗin da za ka kashe ba a yi alkawarinsu ga kowa ba, kuma za ka iya faɗa wa maiɗakinka farashin kana kallon idonta, to ka saya, ka kira ta da sunanta, kayan ado, ba jari ba, ba kuma maganin kewa ba. Kada tsoron cewa ɗarin nan za su ƙare ya sa ka gaggawa. Za su ƙare, wasu kuma za su fito.

In ka dawo daga Ɗambatta ka rubuto mini. Ina son in ji asake nawa ka tarar a zabirar, da ko fatar washin Baba tana nan, da abin da Baffa ya ce da ka roƙe shi. Ka gaishe shi, ka gaida maiɗakinka da yara.